Nasidi Maigadi da Kwaɗon da Ya Fasa

Kullum aka sallame sallar asuba a masallacin Hausawa na unguwar Coal Camp, mai shago shago yake nufa, mai goro ya gangara kasuwar Ogbete. Malam Nasidi kuwa gida yake komawa. Zai tsuguna a bayan ɗaki ya jiƙa dusa da ruwan ɗumi, ya yayyanka ganyen kabeji ƙanana kamar na miya, sannan ya ɗauko wani farin zomo mai karkataccen baki ya ɗora a cinya, yana ba shi da ƙaramin cokali. Sai zomon ya ƙoshi yake sa wa nasa cikin wani abu. Daga nan ya zura kakinsa, ya taka zuwa makarantar sakandaren da yake gadin ƙofarta. Shekara biyar ke nan safiyarsa ba ta canza ba.

Ranar Juma'ar da ta wuce ya ajiye aiki, bayan shekara goma sha biyu a bakin ƙofar nan. An yi taro a babban zauren makarantar, aka raba wa masu ritaya takardar shaidar kyakkyawan aiki. Ina wurin, da idona na gani. An kira akawu, an kira direba, an kira mai dafa abinci, kowa ya tashi ana tafa masa. Malam Nasidi yana kujerar baya da sabuwar hularsa, wadda matarsa Zuliha ta ajiye musamman don wannan rana, har aka yi addu'ar tashi ba a ambaci sunansa ba. Tun ranar raina a ɓace yake, kuma da ɓacin ran nake wannan rubutu.

Wanda bai san dalili ba, ga shi.

A shekarar da aka ce kowace makaranta ta shiga noma da kiwo, lokacin kuɗin man fetur yana yawo kowa yana neman a gan shi yana wani abu, aka kawo wa makarantar zomaye goma sha huɗu. An yi musu keji na waya a wani ɗakin ajiya. Manya suka zo da dogayen motoci, aka yanka zare, aka ɗauki hoto, aka sha lemo. Shugaban makarantar har jawabi ya yi a kan amfanin naman zomo ga ƙasa. Wata biyu aka yi ana kai baƙi kallon su. Da dogon hutu ya zo, malamin gona ya rataya wa ɗakin kwaɗo, ya jefa mabuɗin a aljihu, ya ce akwai wanda zai riƙa zuwa ba su abinci, ya shiga mota ya tafi garinsu.

Babu wanda ya zo. Kwana uku Malam Nasidi yana zaune a bakin ƙofa yana duban hanya. A na huɗu ya zaga ta bayan ɗakin, ya ji ƙarar haƙora a kan waya. Ɗakin ba taga, sai wani ɗan rami can sama da hannu ba ya kaiwa. Ya taka da ƙafa har gidan shugaban, aka ce oga ya yi tafiya. Washegari ya koma, mai aikin gidan ya leƙo ta saman ƙofa ya ce masa aikinsa gadi ne, ya je ya yi gadinsa. Ya je gidan mataimakin shugaban, aka ce ya jira Litinin. Kwana huɗu yana wannan zirga-zirga cikin ruwan damina, ƙarar da ke cikin ɗakin tana raguwa. Ranar da ta cika mako, da hantsi, ya je wajen masu gyaran mota na unguwarmu ya ari guduma.

Goma sha uku sun riga sun mutu. Ba zan faɗi yadda ya same su ba. Guda ɗaya ya rage, shi ma don rufin yana yoyo daidai kejinsa ne. Ya ciji waya har muƙamuƙinsa ya goce, tafin ƙafafunsa duk gyambo, ko motsi ba ya iya yi. Malam Nasidi ya haƙa rami ya binne sauran, ya naɗe wannan a rigarsa ya kawo gida.

Zuliha ta buɗe rigar ta duba, ta ce, "Malam, wannan ai ba zai kai la'asar ba."

Ya ce, "To ya mutu yana shan ruwa, Zuliha. Miƙo mini cokali."

Ita ce ta sa masa suna Saura. Bai mutu ba, amma bai warke ba, kuma ba zai taɓa warkewa ba. Haƙoran zomo ba sa daina tsiro, gogar na sama da na ƙasa ce take rage su. Na Saura ba sa haɗuwa tun da bakin ya goce, sai su yi ta tsawo suna lanƙwashewa har su nemi huda masa leɓe, cin abinci ya gagara. Malam Nasidi ya rasa yadda zai yi, sai ya ɗauke shi ya kai wa Mijinyawa wanzami, wanda ke aski a gindin mangwaron bakin masallaci. Mijinyawa ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Malam Nasidi, shekarata talatin ina cire beli ina yin ƙaho, yau kuma zomo za ka kawo mini? Ka bari a yanka shi mana, ko romo a sha."

"Kai dai duba bakin nan tukuna."

Ya duba, dariyar ta tsaya. Ya ɗauko ɗan almakashinsa mai ƙarfi da wani siririn magagari, ya ce a riƙe masa kan da kyau. Tun daga ranar, duk bayan mako uku Saura yana zuwa aski kamar kowane magidanci, kuma har yau Mijinyawa bai yarda wani ya taɓa masa wannan magagarin ba.

Da aka dawo hutu sai magana ta tashi. Shugaban ya riga ya rubuta wa na sama da shi cewa annoba ce ta kashe zomayen duka, ga kuma sufeto yana tafe. Sai aka ji wai akwai guda a raye a gidan maigadi, da bakin da duk mai ido zai gane ba annoba ce ta karkata shi ba. Aka kira Malam Nasidi ofis. A kan tebur ga fasasshen kwaɗo, ga takardar tuhuma an buga da tafireta, wai ya lalata kayan gwamnati kuma ya ɗauki dabbar makaranta ba izini. Shugaban ya yi masa magana a hankali. Ya ce ya kawo zomon a ba mai dafa abinci, magana ta mutu, a yaga takardar a gabansa. In ya ƙi, za ta shiga fayil ɗinsa, ta bi shi har ranar da zai bar aiki.

Malam Nasidi mutum ne da sunansa kaɗai ya mallaka a garin nan. Bai da shago, bai da fili. Abin da yake taƙama da shi shi ne ko alli ba a taɓa nema an rasa ba a ƙofar da yake tsaro. Ya dubi takardar. Sannan ya ce, "Oga, kwaɗo ni na fasa, rubuta. Zomo kuma yana gidana, shi ma rubuta. Amma ba zan kawo shi ba."

Aka rubuta. Malamin gona ya dawo da mabuɗinsa a aljihu, ko kallon banza ba a yi masa ba, bayan shekara biyu ma aka ƙara masa girma. Wanda ya kulle rai goma sha huɗu ya tafi cin hutu fayil ɗinsa fari tas, wanda ya buɗe musu shi ne mai laifi. Wannan takarda ce ta hana a kira sunansa ranar Juma'a.

Kada mu ɗora wa makaranta duka mu wanke hannunmu. Mu nan unguwa me muka yi? Mun sa masa suna Baban Zomo. A majalisa ana cewa tsufa ya fara taɓa shi. Akwai alhazan da suka same shi har gida suna ba shi shawara ya kai abin nan a huta, kada ya ja wa Hausawa baƙin jini a wurin hukuma, alhali ba su fi shekara bakwai da dawowa garin bayan yaƙin basasa ba. Ni kaina na yi dariyar, ba zan ɓoye ba. Wadda ba ta taɓa yi ba ita ce Mama Nkechi mai kayan miya a Ogbete, da ke tara masa ganyen kabeji da na karas kullum, ta ƙi karɓar komai. In ya makara sai ta aiko a tambaya ko lafiya.

Kai ne, Malam Nasidi, aka ba amanar ƙofa, ka gane cewa abin da ke bayan ƙofar ya fi ƙofar daraja. Kai ne ka sayi ran dabbar da ba za ta taɓa yi maka amfanin komai ba da sunanka mai kyau. Shekara biyar kana wanke gyambo da ruwan gishiri, kana shimfiɗa tsumma don kada ƙafafun nan su taka ƙasa mai tauri, ko bikin 'yarka a Kano kwana biyu ka yi ka juyo. Sannu, mai guduma.

Bayan taron na bi shi gida, ina ta zage-zage a hanya. Mun tarar da Zuliha ta fito da Saura inuwa. Ya cire sabuwar hular ya miƙa mata, ya zauna ya ɗora zomon a cinya. Na tambaye shi ko bai yi da-na-sani ba.

Ya ce, "Na yi mana."

Sannan ya ci gaba da cewa:

"Lokacin da muka gudu daga garin nan kafin yaƙi, ina da akuya biyu. Na kulle su a ɗaki na zuba musu ruwa, na ce kwana uku ƙura za ta lafa mu dawo. Shekara huɗu muka yi. Ka ga ni na san abin da kulle yake yi, ba wanda zai koya mini. Duk da haka na tsaya kwana huɗu ina bin gidajen mutane ina neman izini. Da ranar farko na aro gudumar nan, da goma sha huɗu na fitar." Ya shafa kan zomon. "Takardarsu ba ta hana ni barci. Kwana huɗun nan ne suke hana ni."

Mun gode, Malam Nasidi. Allah ya saka maka da alheri, kai da Zuliha da Mijinyawa da Mama Nkechi, ya yafe mana dariyar da muka yi. Ku kuma masu karatu, duk ranar da kuka ji wani abu mai rai yana neman ɗauki a bayan ƙofar da aka kulle, ku tuna mutumin da ya fi mu duka ƙoƙari yana nan Coal Camp yana ƙirga kwana huɗu. Ku ari gudumar tun ranar farko.