Ranar da Amsa-kuwwa Ta Ba da Amsa

Shekaru sun kwashe mini abubuwa da dama. Sunayen ɗaliban da na koyar sun fara cakuɗewa a kaina, wani lokaci ma nakan tashi neman tabarau alhali yana kan hancina. Amma akwai rana guda da na tabbata ba za ta fita daga raina ba har a kai ni makwancina, ita ce ranar da wata yarinya ta yi magana a farfajiyar wata ƙaramar makaranta a nan Wudil.

Ni tarbiyyar makarantar mishan ce. Mahaifina ma'aikaci ne a ɗakin shan maganinsu, shi ya sa aka sa ni a can tun ina ƙarama. A can aka koya mana cewa layi sai ya miƙe, baƙi sai ya zauna a mazauninsa, ƙararrawa kuma ba a sa ta jira. Da wannan na yi aikin koyarwa har na ajiye, kuma ban taɓa jin kunyarsa ba. Bayan na yi ritaya, shugaban wata firamare da ke kusa da gidana a Sabon Gari, wanda ni na koya masa riƙon alƙalami, ya roƙe ni in riƙa leƙawa ina duba rubutun yara.

A aji uku na tarar da yarinyar. 'Yar wani manomi ce daga Indabo, wanda yake kawo ta a kan babur kowace safiya, ya dawo ya ɗauke ta da azahar. Rubutunta ya fi na kowa kyau a ajin, amma ba ta kallon fuskar mutum, kuma in aka buga ƙararrawa sai ta toshe kunnuwa ta shiga rangaji. In ta ji daɗi, sai ta riƙa kaɗa hannuwa kamar mai shirin tashi sama. Babbar damuwar ita ce maganarta. In ka ce mata, "Ina kwana?" sai ta ce, "Ina kwana?" In ka ce, "Yaya sunanki?" sai ta mayar maka da "Yaya sunanki?" da irin muryarka, har inda ka ja da inda ka sauke. Yara suka laƙaba mata Amsa-kuwwa. An kai ta wurin masu ruƙiyya, an ba ta rubutu ta sha, daga baya wani likita a Kano ya ce ba aljanu ba ne, galahanga ce, haka Allah ya halicci ƙwaƙwalwarta.

Wata rana shugaban makarantar ya kira ni ofishinsa, ya ce, "Malama, ranki ya daɗe, makaranta tambaya ce da amsa. Yarinyar da ba ta amsawa, da me zan auna ta? Na yi magana da mahaifinta. In aka yi hutun ƙarshen zango, ba za ta dawo ba." Na tambaye shi abin da uban ya ce. Ya ce bai yi musu ba, ya dai sunkuyar da kai ya ce shi ma tun da aka haife ta bai taɓa kiranta ta amsa ba. Na juya maganar shugaban ta kowace fuska, ban ga inda ta karkace ba. Duk da haka ta tsaya mini a rai, domin na san inda irin waɗannan yara suke ƙarewa in an rufe musu ƙofar aji: a ƙuryar ɗaki, ana ɓoye su in baƙi sun zo.

A wannan zangon ne aka turo mana wata ɗaliba daga jami'ar garin nan, ta zo koyon aikin koyarwa. Yarinya ce mai fara'a, rabin maganarta Turanci. Ta ce za ta shirya wasan kwaikwayo na tatsuniya, da rawa da tafi, domin ranar rufe makaranta, kuma da yarinyar nan a ciki.

Na ce, "Tatsuniya da rana tsaka? A gidanku ba a hana ku ba?"

Ta yi dariya ta ce, "Mama, ai an ce ɓata ake yi a hanya. Ni kuwa gidanmu a bakin titi yake."

Ita ta ƙirƙiri labarin. Dabbobi ne suka taru a bakin kogi suna son hayewa, mai fito kuwa ba ya ɗaukar kowa a kwale-kwalensa sai ya yi tambaya, "Wa ke bakin ruwa?" an kuma ba shi amsa. Kowace dabba sai ta fito da rawarta ta faɗi ko ita wace ce. Ɗalibar da kanta ce mai fito a wasan. Yarinyar aka ba ta balbela, domin kaɗa hannuwan nan da malamai suka gaji da hana ta, shi ne ya zama rawarta. A nan na fara ganin ɗalibar tana da kai.

Sai dai da na je kallon gwajin wasan, abin da na gani ya ɓata mini rai. Yau akuya tana dama, gobe tana hagu. Yau a ce, "Wa ke bakin ruwa?" gobe a ce, "Wane ne a gaɓa?" Sauran yara suna ta shewa, ita kuwa balbela tana bayan tulun ruwan sha, kunnuwa a toshe. Wuri ɗaya kawai na ga tana natsuwa: lokacin da malamar, wato ɗalibar nan, ta ce, "Ga ta nan, ga ta nanku," yara suka amsa, "Ta zo mu ji ta." A nan takan ɗago, har leɓenta ya motsa tare da nasu.

Bayan an tashi na kira malamar gefe, na ce, "'Yar nan, tunaninki mai kyau ne, aikinki ne ba shi da tsari."

Ta ce, "Haba Mama, firaktis ne fa. So nake su saki jiki."

Na ce, "Sauran za su saki. Ita canje-canjen nan ne suke firgita ta. Buɗe tatsuniyar ne kaɗai ba ki taɓa sauyawa ba, shi ya sa ta san shi. Kuma ki lura, magana ce wadda amsarta daban take da ita. Abin da yarinyar nan ta rasa ke nan."

Ta ce, "To, ki riƙe tsarin, in riƙe labarin. Amma da sharaɗi, Mama. Ba za ki ce sai ta kalle ki ba, ba za ki riƙe mata hannu ba." Sharaɗin ya yi mini nauyi, domin a mishan an horar da mu cewa ɗalibi yana ɗago kai ya dubi malaminsa. Daga baya na tuna a gidanmu sunkuyar da kai aka koya mana gaban manya, kuma ba a ce ba ma ji ba. Na karɓa.

Daga ranar nan, gwajin wasan ya koma gindin darbejiyar farfajiya, a lokaci guda kullum. Kowace safiya nakan zo da toka a gwangwani in zana wa kowace dabba da'irarta a ƙasa. Kalma ba ta sauyawa, wuri ba ya sauyawa. Na kafa doka: in mai fito ta yi tambaya, sai yara su fara tafi, dabbar da ake kira ta yi rawa har cikin da'irarta, sai a can za ta buɗe baki. Tafin kuma ba ya tsayawa sai amsa ta fito, ko da sama za ta faɗo. Yaran suka riƙa ƙunƙuni suna cewa Iya Malama ta mayar da wasa fareti. Ban kula su ba.

Da farko, da zarar an ce, "Wa ke bakin ruwa?" sai yarinyar ta maimaita kafin a fara tafi. Amma tana son rawar, don haka a hankali ɗokinta ya riƙa rigan maimaitawar. Ni kuma nakan tsaya a cikin da'irarta, in ta iso in ce, "Ni ce balbela," ta karɓa daga bakina, in fita in bar mata wurin. Ban taɓa furta kalmomin a waje da da'irar ba. Haka muka yi ta yi, har kalmomin suka zama na wurin, rawar ta zama gada tsakanin tambaya da amsa. Wata safiya ƙafata ta yi mini ciwo na kasa tashi daga kujera, ta iso da'irar ta tarar babu kowa, ta faɗa da kanta.

Malamar ta ruga ta kira shugaban makaranta. Ya zo ya kalla, ya girgiza kai ya ce, "Hadda ce, Malama. Aku ma yana yi." Ban iya ƙaryata shi ba. Na ce ya jira ranar taro, ba don ina da wata hujja ba.

Ranar rufe makaranta na iso da gwangwanina, na tarar an riga ni. Saboda girmama baƙi, an share farfajiyar tas, an yayyafa ruwa, an shimfiɗa tabarmi har gindin darbejiya, iyaye sun zazzauna a kai. An kuma ɗauko lasifika an rataya a reshe. Na sa aka kashe lasifikar. Na sa aka tashi iyayen, har da limamin unguwa, aka ja tabarmin baya. Wani ya ce, "Hajiya, ai wasan yara ne." Na ce, "Shi ya sa manya za su matsa." Sai dai ƙasar ta jiƙe, toka ba ta zama a kanta, kuma lokaci ya yi. Haka aka fara babu da'ira ko ɗaya.

Akuya ta haye, zomo ya haye, kura ta ba mutane dariya. Aka zo kan balbela, an ɗaura mata farin ƙyalle a kafaɗu a matsayin fukafukai. Mai fito ta ce, "Wa ke bakin ruwa?" Yara suka fara tafi. Yarinyar ta dubi ƙasa, ba ta ga komai ba. Hannuwanta suka fara tashi zuwa kunnuwa. Malamar ta dube ni, idonta ya cika da ƙwalla. Ni kuwa yaran nake kallo, kuma Allah ya yi musu albarka, ba wanda ya tsaya. Tafin ya ci gaba yadda aka saba, bai ƙaru ba, bai ragu ba. Can sai hannuwan suka fasa zuwa kunne, suka buɗe gefe da gefe. Ta taho tana kaɗa su, ta tsaya daidai inda da'irarta take zama, ko ni da nake zana ta ba zan fi haka daidai ba. Ta ce, "Ni ce balbela." Wata mata ta ɗaga murya za ta rangaɗa guɗa, na harare ta, ta haɗiye.

Da a nan abin ya tsaya, da maganar shugaban ta tabbata, domin har yanzu hadda ce. Bayan an watse, malamar ta kwance mata fukafukan ta ninke. Uban yana tsaye kusa da baburinsa, shugaban makaranta yana gefensa yana yi masa sallamar da suka riga suka shirya. Mutumin bai ji ba, 'yarsa yake kallo daga nesa. Sai na ga ya durƙusa a ƙasa da farar rigarsa, kamar mai jin kunyar abin da zai yi, ya ce da murya ƙasa-ƙasa, "Wa ke bakin ruwa?"

Yara sun tafi, babu mai tafi. Na ajiye gwangwanin na fara tafawa ni kaɗai, da hannuwan nan nawa masu sanyin ƙashi. Yarinyar ta taho da rawarta har gabansa, idonta a kan takalminsa. Ta ce, "Ni ce," sai ta tsaya. Ta taɓa kafaɗarta inda ƙyallen yake ɗazu. Babu fukafukai, saboda haka ita ba balbela ba ce, kuma yarinyar ba ta iya faɗin abin da ba haka yake ba. Ta ce, "Ni ce, Baba."

Mutumin ya rufe fuska da hularsa. Ba abin da yake fita daga bakinsa sai hamdala. Shugaban ya matso kusa da ni ya ce a hankali, "Ranki ya daɗe, wannan ba ta cikin wasan ko?" Na ce, "Ba ta ciki. Babu kalmar wasan nan da ban sani ba." Sai ya je ya dafa kafaɗar uban ya ce, "Malam, in an dawo hutu a kawo ta da wuri. Kada ta makara."

Ba zan ce ta warke ba, domin ba ciwo ne da ake warkewa ba. Har ta gama firamare tana toshe kunne in an buga ƙararrawa, kuma in ta gaji takan koma maimaita magana. Amma ta gama. Da tafi muka koya mata amsa gaisuwa, da shi muka koya mata lissafin baki. Har yau in uban ya shigo kasuwar Juma'a yakan biyo da ita ta gidana. In ce, "Ina wuni?" ta ɗan motsa ƙafa, sannan ta ce, "Lafiya lau, Iya."

Na yi shekaru ina ɗaukar tsari a matsayin abin da ake auna yaro da shi, a kuma ware wanda ya kasa. Ranar nan na ga wani amfaninsa: wuri ne tabbatacce da yaro mai tsoro zai iya sa ƙafarsa. Da ni kaɗai ce, da ban taɓa tunanin rawa ba. Da ɗalibar ce kaɗai, da balbela ba ta fito daga bayan tulu ba. Abin da na koya shi ne, yaron da bai amsa ba, ba lallai ne babu amsa a cikinsa ba. Aikin malami ne ya nemo masa hanyar da amsar za ta bi, sannan ya ci gaba da tafi, kada ya tsaya, har ta iso.