Yadda Angona na Legas Ya Koyi Sunan Kanwa

Shekarun baya, ɗiyata da ke aure a Legas ta kawo mini ɗanta hutu nan Katanga. Yaron bai wuce shekara shida ba, Hausar bakinsa kuma ba ta wuce gaisuwa ba.

Wata safiya na ce ya miƙo mini faifai, sai ya kawo tsintsiya. Yaran gida suka fashe da dariya. Ni kuma na taɓa shi da wasan kaka da jika, na ce, “Ango, miji bai san faifai ba? To na fasa auren.” Ashe can inda ya tashi ba a wannan wasa. Ya ɗauka korarsa na yi. Ya kulle bakinsa, ko na kira shi sai dai ya ɗaga kai.

Uwarsa ta ce, “Inna, gara in mayar da shi, kullum kuka yake.” Ni da yaran unguwa ke cika mini ɗaki don tatsuniya, a ce jikana ya tafi ba mu yi hira ba?

Ranar kasuwar Jega na ce ya raka ni. Ban taɓa zama a aji ba, amma na san yadda na koya wa ’ya’yana magana. Sai abu ya shiga hannunsa nake faɗin sunansa. Ya shinshina daddawa, ya toshe hanci. Ya tsotsi tsamiya. Kanwa kuwa kafin in hana shi ya lasa, ya tofar, ya ce, “Kaka, mene ne wannan?” Maganarsa ta farko ke nan gare ni tun ranar faifan nan.

Na ce, “Kanwa. Ku can me kuke ce mata?” Ita bai sani ba, amma ya faɗa mini sunan albasa da Turanci. Na maimaita, harshena ya karkace, ya yi dariya har ya riƙe ciki. Haka muka yi ta musaya har gida.

Da uwarsa ta fara haɗa kaya, ya tsaya bakin ƙofa ya ce, “Ba zan tafi ba. Matata ba ta iya Turanci ba tukuna.”

Ya yi hutunsa cif. Yanzu ya girma, in ya kira waya da karin harshen Jega yake tsokanata. Turancin dai har yau albasar nan kaɗai na riƙe, ita ma ya ce ba na faɗa daidai.