Karen da Inna Hajjo Ta Ɗauko a Kwando

A Riruwai na girma, a hannun kakata Inna Hajjo. Idan damina ta nutsa, ruwa ya hana mu wasan dandali, sai mu taru a madafarta bayan magariba, tana gasa mana masara tana yi mana tatsuniya. Amma akwai labari ɗaya da in za ta fara shi sai ta gyara zama ta ce, "Wannan ba tatsuniya ba ce, ni ya faru da ni. Mai gyangyaɗi ya tashi ya ba ni wuri."

Lokacin tana da goyon babana. An kwana uku ana marka, ta fita neman itace, sai ta ji nishi a wani tsohon ramin haƙar kuza. Kare ne marar ubangida, rabin jikinsa cikin ruwa, yunwa ta fito da haƙarƙarinsa duka. "Na taɓa kunnensa, sanyi kamar gindin randa," in ji ta. "Ko karkarwa ya kasa yi."

Ta zubar da itacen, ta naɗe karen da buhu, ta sa a kwando ta ɗora a ka. Ranar kasuwa ce, ta kuma san malamin dabbobi ya zo daga Doguwa yi wa shanu allura. Tana ratsa kasuwa mahauta suna shewa, sai ga yayan mijinta, Malam Sabo, ya tare ta.

"Hajjo, kanki ɗaya kuwa? Najasa kika ɗora a ka, a gaban jama'a?"

"Yaya, ni ruwa da ƙasa za su wanke ni. Shi in na ajiye shi mutuwa zai yi. A yi haƙuri a ba ni hanya."

Malamin dabbobin ma cewa ya yi, "Baiwar Allah, ni shanu na zo dubawa." Ta sauke kwandon a gabansa ta zauna a ƙasa. "To in ka gama da shanun, muna nan." Wani tsohon makiyayi da ke kan layi ya leƙa kwandon ya ce nasa shanun ba sauri suke ba.

Sai malamin ya durƙusa. Ya goge karen har ya bushe, ya ɗaga leɓensa ya ga dasashin ya yi fari fat, ya yi masa allura. Ya ce kada ta kuskura ta kai shi bakin wuta. Ta zuba ruwan ɗumi a kwalabe, ta naɗe da tsumma ta jera masa a jiki, ta riƙa shafa masa zuma a dasashi. Abinci kuwa cokali-cokali, don cikin da ya daɗe ba komai, ƙoshi kashe shi yake.

Kakana ya ce ba dai a tsakar gidansa ba. Ta shimfiɗa wa karen buhu a rumfar awaki, ta riƙa zarya. A rana ta uku ya miƙe da ƙafafunsa, ya lashe romon da ta ajiye masa. Shekara shida ya yi yana raka ta gona.

Malam Sabo ya yi wata biyu ba ya amsa gaisuwarta. "Kullum sai na durƙusa na gaishe shi," in ji Inna, tana juya masara. "Amma haƙuri ban ba shi ba, don ban yi laifi ba."

Muna yara dariya kawai muke yi. Sai bara, ina dawowa daga makarantar da nake koyarwa a Tudun Wada, na ga ɗan kwikwiyo a kwata, ruwa ya yi masa duka, yana numfashi da ƙyar. Na tsaya ina duban masu shaguna, ina tunanin abin da za a ce da malama guda. A nan na gane tausayi ba shi ne mai wuya ba, idon mutane ne. Da na matsa bakin kwatar, wani dattijo ya ce, "Malama, ba girmanki ba ne." Na gaishe shi da ladabi, na tattare zanena, na shiga kwatar.