Lokacin da Kaboyi Ke Jin Hausa a Erdington

Shekara takwas ke nan da muka binne yayana Yohanna a arewacin Birmingham. Duk shekara idan ranar ta zagayo, matarsa, Maman Dauda, takan kira ni mu yi addu'a ta waya, ita tana Erdington, ni ina Withington a Manchester. Mukan yi godiya ga Ubangiji, mu yi ɗan kuka, mu koma hirar tsadar wuta da gas. Abin da ba mu taɓa taɓowa ba shi ne finafinan kaboyi, alhali duk wanda ya san Yaya ya san ba a raba shi da su.

A Bukuru muka taso. Ya girme ni nesa ba kusa ba, don haka shi ake bari ya je sinima, mu ƙanana sai dai mu jira shi a tsakar gida. Idan ya dawo sai ya tsaya a gabanmu ya maimaita fim ɗin tun daga fari, yana harbi da yatsu, yana sukuwa a kan turmin mamanmu. A lokacin Turancinsa bai taka kara ya karya ba, balle na Amurkawa masu magana ta hanci. Abin da bai ji ba sai ya cike da nasa, kuma nasa ya fi daɗi.

Da wannan hali ya zo Ingila. Ya sami aikin kula da ginin wata cibiyar matasa ta ƙaramar hukuma, buɗewa da rufewa da gyaran abin da ya lalace, kuma Asabar da rana tasa ce. Sai ya sa faifan kaboyi, ya kashe muryar talabijin gaba ɗaya, ya gyara zama ya fara fassara. A bakinsa akta kullum sunansa Ɗanladi, bos kuwa Maigemu ko da ba shi da gemu. Mashayar garin gidan burkutu ce. Masu neman zinariya 'yan haƙar kuza ne, jirgin ƙasa kuma na Kafanchan ne, shi ya sa ba ya zuwa a kan lokaci. Idan mutum biyu suka tsaya a tsakiyar titi suna harara kafin su zaro bindiga, sai ka ji Yaya ya ce, “Ɗanladi yana tambayarsa, akuyar da ka ci ta gwauruwar nan, za ka biya ko sai na karya maka ƙugu?”

Duk wannan don mutum ɗaya ake yi, ɗansa Dauda, wanda aka haifa a Birmingham. Iyayensa na yi masa Hausa, shi kuma yana mayar musu da Turancin unguwa, irin wanda ni kaina da nake koyarwa a makaranta sai na kasa kunne. Amma ranar Asabar akwai doka: tambayar da aka yi da Turanci ba ta da amsa. Yaron da ke son sanin ko Ɗanladi zai mutu dole ya nemo kalmomin ya harhaɗa. A duk mako, wannan ne kaɗai lokacin da Hausa ke fita daga bakin Dauda ba tare da an matsa masa ba.

Ni kuwa malamar tarihi ce, kuma ina da ciwon da malamai da yawa ke da shi, ba na iya ganin kuskure in bar shi ya wuce. Wata Asabar na je musu hutu, Dauda yana wajen shekara goma sha biyu. Aka sa fim, sojoji farare suka taso a kan dawakai don ceton ayarin baƙi daga mutanen da muka taso muna kira Red Indiya. Yaya na cikin zuba, sai na kasa haƙuri. Na ce wa yaron ƙasar nan da yake gani ta waɗancan mutanen ce, an yi alkawari da su an karya, an kore su, an karkashe namun dajin da suke rayuwa a kai. Na ce masa kaboyi na gaskiya makiyayi ne mai ƙaramin albashi, aikinsa bin shanu da shan ƙura, kuma da yawansu baƙaƙe ne irinsa ko 'yan Meziko, amma ya duba allon ya nuna mini guda ɗaya. Na ƙara da cewa tsayuwar nan ta harbe-ni-in-harbe-ka a tsakiyar titi ba kasafai aka yi ta ba, garuruwa da dama ma sai ka ajiye bindigarka kafin ka shiga. Da Turanci na yi duk wannan bayani, don in tabbatar ya shige shi. Ya kuwa shige shi.

Yaya bai yi fushi ba. Da muka shiga kicin ya ce, “Malama, kin gama lacca? Ni da gonar kakanmu take ƙarƙashin kududdufin kuza za ki gaya wa yadda ake ƙwace ƙasa? Ni dai na ga yaron yana zama, shi ke nan.” Na ce zama a kan ƙarya ba zama ba ne. Ya yi dariya ya ce in miƙo masa gishiri.

Hausawa sun ce magana zarar bunu ce. Bayan makonni Maman Dauda ta gaya mini yaron ya fara gardama a tsakiyar fim, kuma da Turanci yake yinta. Daga baya ya ce wa ubansa duk ƙarya ce, Goggo ta faɗa, ya hau sama wajen wasansa na kwamfuta. Na ji ba daɗi, amma na lallashi kaina da cewa ai yara haka suke, in sun fara girma sai su ƙi abin da suke so jiya, zai dawo.

Wataƙila da ya dawo ɗin, da an bar wa Yaya Asabar ɗinsa. Lokacin ne gwamnati ta shiga tsuke bakin aljihu. Aka fara rage kwanakin buɗe cibiyar, aka sallami masu koyar da dambe da kiɗa, daga ƙarshe aka ce ya kawo makullai. Mutum mai shekara hamsin da ɗoriya ya koma ɗaukar kaya a wani sito a bayan gari, aikin da sai an aiko maka saƙo kake sanin ko gobe akwai. Asabar da Lahadi suka zama ranakun da ba a ƙin zuwa, har coci sai ya yi wata bai leƙa ba. In ya dawo, barci yake yi a kujera da takalmi a ƙafa. Fayafayan suka koma kwali a ƙarƙashin matakala, kuma suna nan a ciki har zuciyarsa ta tsaya wata safiya a tashar bas.

Na sha raba laifin nan kashi-kashi a raina. In ba waɗanda suka rufe cibiyar kasonsu, in ba ƙuruciya nata, in ba garin da kowa ke Turanci nasa. Kowane lokaci akwai ragowar da ba ta da mai ita sai ni, kuma ina jin nauyinta. Ban yi ƙarya ba ko ɗaya, har gobe abin da nake koya wa ɗalibaina ke nan, kuma ba zan ce a ci gaba da nuna wa yara waɗanda aka zalunta a matsayin miyagu ba. Amma da na yi bayanin da Hausa fa? Da na bari fim ya ƙare, na zauna a ƙasa kusa da yaron na ba shi labarin ɗaya ɓangaren yadda ubansa ke ba da nasa? Garin neman gira na rasa ido, kuma idon ba nawa ba ne.

Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da zai leƙo yau. Ginin cibiyar an mayar da shi gidajen haya. Shagon tsofaffin kaya na babban titin Erdington, inda yake tsintar faifansa, ya zama wurin caca. Wannan zai ɓata masa rai. Amma finafinan kaboyi na yanzu, da baƙaƙe a kan dawakai da 'yan asalin ƙasar suna ba da labarinsu da harshensu, na tabbata zai kalle su da murna. Zai juyo ya ce, “To Malama, an yi miki yadda kike so.” Sannan ya kashe muryar, ya raɗa wa babban jarumin Ɗanladi.

Dauda yanzu saurayi ne, yana aikin jinya, yana zaune a unguwar Selly Oak ta Birmingham. Mutumin kirki ne, ya ɗauko haƙurin ubansa da tafiyarsa. Hausarsa kuwa ta tsaya a “ina kwana” da “na ƙoshi”. A watan jiya ya hau jirgin ƙasa ya zo wurina ba tare da wani dalili ba, ko haka na zata. Bayan ya ci abinci sai ya fito da waya. Ashe mamansa ta tono wata tsohuwar wayarta, aka sami ɗan bidiyon da ta ɗauka wata Asabar, yana ɗan shekara bakwai ko takwas. Hoton duk ya dusashe. Ga Yaya a kujera da singileti, ga ƙeyar yaro a ƙasa, ga kaboyi ya sauka a bakin rijiya.

Muryar da ban ji ba shekara takwas ta cika mini falo. “Kai, dubi marar imani! Ya sha ruwa ya bar dokin da ya ɗauko shi. Dokin ya ce, sha, sha, gobe da ƙafarka za ka je Kafanchan.” Yaron cikin bidiyon ya faɗi ƙasa don dariya. Saurayin da ke kusa da ni ya tsayar da hoton ya ce, “Goggo, what's he saying?” Na juya masa da Turanci. Ya yi dariya shi ma, amma a makare, irin ta baƙon da aka yi wa bayanin abin da ya ba 'yan gida dariya.

Abin da ya rage na Yaya ke nan, na ce a raina: ɗa nagari, mata mai yi masa addu'a, da murya a cikin waya wadda sai an sami tafinta. Ba kaɗan ba ne. Amma shi ba abin da ya yi wa wahala ke nan ba.

Dauda ya sake kunnawa. Yaron ya tashi zaune ya yi wata tambaya da Hausa garau, ubansa ya amsa. Dauda ya sake tsayarwa, ya daɗe yana kallon ƙeyar nan tasa, sannan ya tambaye ni shi da kansa kuma me ya ce a ciki.

Cewa yaron ya yi, “Baba, dokin ma yana jin Hausa?” Yaya kuma ya ce, “Duk wanda ke cikin gidan nan yana ji.”

Na fassara masa tambayarsa. Ya ce, to amsar fa? Na buɗe baki, Turancin da na yi shekaru ina taƙama da shi ya ƙi fitowa.