Ranar da Aka Auna Ƙuguna

Haihuwar fari na yi, aka kai ni gidanmu a Durba wankan jego. Arba'in ta zo ta wuce, ban iya ɗaga ƙafa in tsallake dokin ƙofa ba. In na juya a gado sai in ji ƙashin marata ya yi ƙas, kamar an karya kara. Tafiya kuwa sai irin ta agwagwa.

Dangin mijina na Kibiya ba su yi wata-wata ba, suka ce ɗanyen jego ne. Wai Inna, mahaifiyata, ta yi ƙyashin itace, ruwan bai tafasa ba, shi ya sa ban gasu ba. Gwaggon mijina ce ke yawo da zancen, gidan suna gidan biki. Inna kuwa sai ƙara iza wuta take yi, har fatar bayana ta saɓule. Ciwon zan iya daurewa, amma ban da wannan ƙazafi.

Na ce sai an yi mini hoto a asibiti. Maigidana ya ce, "Hoton ciki ai na masu ciki ne, ke da kika sauka?" Na ce ko a baro ne a tura ni. Lokacin ana ta ka-ce-na-ce kan hawan mata acaɓa, ni kuwa ko an halatta ba zan iya buɗe ƙafa a kai ba. Ni da Inna muka samu akori-kura mai kai hatsi Rano, aka kwantar da ni kan buhuna, daga can muka hau motar Kano. Na kafe sai Gwaggo ta bi mu, ta zo tana tsaki.

A asibiti, wata likita ta shafa mini wani mai mai sanyi, ta ɗora kan na'urar a ƙashin mara. Ta sa na dafa kafaɗar Inna na tsaya da ƙafa ɗaya, sannan na sauya. A allon, muna kallo ƙasusuwa biyu suka goce wa juna. Ta ce mahaɗar ƙugu ce ta saki wajen haihuwa, ba ta koma ta yi tauri ba. Ɗauri take so da hutu da gashin ƙashi, kuma zan taka.

Na ce, "Likita, ruwan zafi fa?"

"Ko kogi aka tafasa miki, ba zai haɗa wannan ba."

"Don Allah maimaita, Gwaggo kunnenta da nauyi."

Gwaggo ta hau gyaran mayafi. Har na fara murmushi, sai Inna ta matsa gaba. Inna, wadda don kunyar 'yar fari ko sunana ba ta taɓa kamawa ba, ta leƙa allon da ba ta gane komai a ciki, ta ce da likitar a hankali, "'Yar nan, faɗa mini tsakaninki da Allah. Ba ni na nakasa ta ba?"

Ashe duk tsawon nan ita ma ta yarda da zancensu.