Farautar Yaya Idi

Bana shekara shida ke nan da muka kai Yaya Idi makwancinsa. Yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Yana da shagon turare a Fordham Road, amma jikan maharba ne daga Maraɗi, kuma zaman unguwar Bronx, nan ƙasar Turawa, bai kashe masa son daji ba.

Duk kaka, da an buɗe farautar barewa, sai ya bar mini shagon ya nufi arewacin jihar da muke zaune, wurin wani tsohon manomi Bature da suka saba. A garejin mutumin yake ɗura harsasansa da kansa: kayan aikinsa su ne kwanson da ya riga ya harba, ɗan ma'aunin albarushi, da wata tsohuwar na'urar hannu. Na taɓa ce masa ya sayi ta zamani. Ya yi dariya ya ce, "Ƙanena, ran da abin nan ya zama aiki, na daina. Barewa ɗaya nake nema, ba yaƙi za ni ba."

Idan ya dawo, a masallacinmu na unguwar Morrisania yake raba naman.

Wata Juma'a sai ga 'yan sanda a gidansa. Wai an kira su an ce yana tara albarushi. Suka bincika ko'ina, ba su ga komai ba, lasisinsa na bindiga kuma daidai. Suka ba shi haƙuri suka tafi. Amma sun zo da sanin ranar da yake tafiya, har da sunan manomin. Wannan kuwa ba ya faɗarsa sai a wurin shan shayinmu bayan la'asar.

Bai sake zuwa daji ba har ya bar duniya. Bai zargi kowa da baki ba. Ni dai har yau ina gaisawa da mutanen wurin shayin nan, muna sahu ɗaya, ina kallon fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya.

Yanzu ɗansa Bashir ya girma, ya samu lasisinsa. Kullum yana nuna mini na'urorin ɗura harsashi masu tsada a waya. Da uban na nan, da ya ce masa ya fara koyon zama shiru a gindin itace tukuna. Kakar bara na kai shi wurin manomin. A hanya na ce kada ya faɗa wa kowa.

"Baffa, har liman?"

"Har liman."

Bashir ya gaji natsuwar hannun ubansa, na gani da idona. Sakin jiki da mutane ne bai gada ba, kuma ban ga wanda zai koya masa a cikinmu ba. Allah ya jiƙan Yaya Idi.