Ruwan da Ya Wuce Gwiwa

Sai da na kai shekara talatin da shida a duniya kafin ruwa ya taɓa kai mini ƙugu. Tsoro akwai shi, ba zan ɓoye ba, amma ba shi ne babban dalili ba. Ina ɗan shekara tara yayana ya nutse a kududdufin bayan garinmu, inda ake haƙar ƙasar gini. Bayan sadakar uku Inna, mahaifiyata, ta kira ni ɗaki, ta kama kunnena a hankali, ta ce, "Duk ranar da ka shiga ruwan da ya wuce gwiwarka, ban yafe maka ba." Sau ɗaya ta faɗa, ni kuma na riƙe. Allah da ikonsa, sai neman abinci ya kawo ni Doha, inda duk titin da ka miƙe a kai ƙarshensa teku ne.

Lokacin korona ina gadi a ƙofar wani benen ofisoshi a Al Mirqab. Aikina in auna zafin goshin mutum, in leƙa wayarsa ko ta nuna kore, alamar ba ya ɗauke da cutar, in buɗe masa ƙofa. Da ma'aikata suka koma aiki daga gida, sai na zama mai gadin kujeru. Kamfaninmu ya shiga sallamar mutane. A ɗakinmu na unguwar Bin Omran mu shida ne, muka wayi gari mu huɗu. Annoba ta lafa amma benen bai sake cika ba, masu shi suka ce ba sa buƙatarmu. Sai wata safiya shugabanmu ya tara mu ya ce kamfani ya sami aiki a wani bakin teku can arewa, inda za a riƙa kai baƙin gasar kofin duniya shan iska. Sharaɗi ɗaya ne: duk wanda zai je sai ya iya iyo daga gaɓa zuwa wata jar ƙwallo da ke shawagi a ruwa, ya dawo. Wanda bai iya ba, tikitinsa na gida yana jiransa. Ina da mata da 'ya'ya uku, ga Inna, ga ƙannena. Ranar ko abincin rana ban iya ci ba.

Mai kwana a gadon da ke saman nawa direba ne, mutumin Yawuri, ɗan masunta. Yakan ce a cikin kwalekwale aka haife shi, kuma in ka ga yadda yake tsotse ƙayar kifi sai ka yarda. Da na ce masa ban iya ruwa ba, dariya ya yi har da buga gado.

"Bakano ke nan! Ku da ruwa sai a buta. Bar ni da kai, wata biyu ka zama tarwaɗa."

Da na ba shi labarin Inna sai dariyar ta ɗauke. Ya sauko ya zauna kusa da ni.

"A'a, malam. Mu a wajenmu ba a sa mutum a ruwa da bakin uwa a kansa. Kira ta tukuna. In ta ɗage, bismilla."

Na kira ta ran Juma'a ta wayar ƙanwata. Muka gaisa, ta ba ni labarin damina, da akuyarta da ta haifi biyu, da wanda ya rasu a unguwa. Sau uku ina buɗe baki maganar tana komawa ciki. Na san in ta ce a'a, shi ke nan, ba ni da ta cewa, sai in haɗa jakata. Muka yi sallama ta sa mini albarka. Na shiga ɗaki na ce wa mutumin Yawuri, "Ta yarda." Ƙarya na shara masa, kuma har yau in na tuna sai kunya ta kama ni.

Duk Juma'a da sassafe yakan ɗauke ni zuwa wani bakin ruwa a kudancin gari inda ba a hana gwagware shiga, don wasu wuraren sai mai iyali. Ranar farko na tsaya daidai gwiwa, ƙafafuna suka ƙi gaba. Bai matsa mini ba, ya tsaya yana ta zuba mini surutu a kan farashin kifi har ruwa ya ƙaru da kansa ya kai mini cinya. Sannan ya ce, "Kwanta."

"A kan me?"

"A kan ruwa mana. Ba kasuwar Kwari ba ce nan, ba a ciniki. Yalla, maza kwanta!"

Ya sa tafin hannunsa a bayana, na kwanta ina salati. Kunnuwana suka nutse, duniya ta yi tsit, ba na ganin komai sai sama. Can na ji muryarsa daga nesa yana tambayata ko zan sha shayi. Ashe tuni ya zare hannun ya matsa gefe. Ina gane haka na daburce na sha ruwan gishiri har ta hanci. Haka muka yi ta fama, ina sha ina tari yana yi mini tsiya, Juma'a bayan Juma'a. Ran gwaji ni ne na ƙarshe da ya dawo gaɓa, ina haki kamar wanda ya yi dako daga tasha. Shugabanmu ya dube ni ya dubi takardarsa ya ce, "Khalas, ka wuce."

Wurin da aka kai mu tafiyar awa ɗaya da wani abu ce daga Doha. Farin yashi ne shimfiɗe, ruwan kuma kore-kore, kana hango ƙasansa. Tekun nan ba shi da manyan igiyoyi, don haka iska ce ke yin aikin. Mutum zai ɗaura wata ƙatuwar lema mai dogayen igiyoyi a ƙugu, ya taka ɗan allo, iskar arewa ta cika lemar ta fizge shi a guje a kan ruwa. Ranar da na fara aiki na ga wata mata ta tashi sama, tsayin ɗaki, ita da allonta. Na ɗauka iska ce ta sace ta. Na dinga busa usur ina gudu ina ɗaga hannu, har masu gasa kifi suka bar wuta suka fito. Matar ta sauka lafiya lau, ta juyo ta ɗaga mini babban yatsa. Ashe abin da ta baro ƙasarsu ta zo yi ke nan.

In iska ta kwanta da safe, sai a fito da wasu alluna masu faɗi, mutum ya tsaya a kai yana tuƙi da filafili. Wasu su hau raƙumi a bakin gaɓa suna ihu tun raƙumin bai gama miƙewa ba. Wasu su bi ƙaguwa da waya suna ɗaukar hoto, wasu kuwa su shafa mai su kwanta a rana su yi jawur, abin da har na bar wurin ban gane amfaninsa ba. Da la'asar kowa ya sa rigar ƙasarsa a taru gaban babban majigi, waɗanda aka ci su yi tagumi, waɗanda suka ci su yi ta waƙa har cikin bas. Ni dai nawa in raba masu wanka da masu lema, in sa ido a kan jakunkuna. Mutumin Yawuri shi ke kawo baƙi daga gari, don haka kusan kullum tare muke cin abincin rana.

Akwai wani dattijon Bature, siriri, mai koya wa baƙi hawa allo. Wata safiya da ba kowa ya ce ma'aikata su zo su gwada. Na hau da rarrafe, na miƙe tsaye, na tuƙa sau huɗu ko biyar. Na dubi ƙasa na ga ƙananan kifaye suna wucewa ƙarƙashina. Wallahi na ji daɗin da ban taɓa jin irinsa ba tun ina yaro. Sai na waiwaya in yi wa mutumin Yawuri gwalo, na tafi tsundum. Na taso ina dariya. Amma da na zo sallar azahar na kai goshina ƙasa, maganar Inna ce ta tsaya mini a rai, kamar yadda take tsaya mini kullum tun ranar da na yi ƙaryar nan.

Abin da ban sani ba shi ne mutumin Yawuri ya ɗauki bidiyo, ya ɗora a waya don abokai su yi dariya. Shi a saninsa ai Inna ta yarda. Mijin ƙanwata kuwa yana da lambarsa, tun wani zuwa hutu da abokin nawa ya yi ya kai mini saƙo gida.

Kwana biyu bayan haka, ina hutun rana a inuwar rumfa, kiran bidiyo ya shigo. Ƙanwata ce, fuskarta ba walwala. Ta ce, "Yaya, ga Inna," ta miƙa wayar.

Na durƙusa a kan yashi kamar tana gabana. Na gaishe ta, ta amsa a taƙaice.

"Kai ne a cikin ruwan nan?"

"Ni ne, Inna."

"Tun yaushe?"

Na faɗa mata komai, da sallamar da aka yi ta yi, da gwajin, da ƙaryar da na yi wa abokina. Yana zaune a gefe da kwanon shinkafa a hannu, na ga ya ajiye cokali.

"Juya mini in ga ruwan," in ji Inna.

Na juya wayar. Ba ta taɓa ganin teku ba. Na ji ta ce, "La'ilaha illallahu. Duk wannan? Ina ƙarshensa?" Sannan ta tambaye ni, "In mutum ya nutse, ka iya fito da shi?"

"An koya mana, Inna. Zan iya."

"Ranar nan maza sun fi goma a tsaye a bakin kududdufin. Babu ko ɗaya da ya iya." Ta ja numfashi. "Shiga in gani."

Na ce, "Inna?"

"Na ce ka shiga in gani da idona."

Na miƙa wa mutumin Yawuri wayar, na cire takalmi da rigar aiki. Ruwan da sanyi, lokacin hunturu ne. Na wuce gwiwa, na wuce ƙugu, na kwanta na kama iyo yadda ya koya mini, ba gaggawa. Na taɓa jar ƙwallon na juyo. Ban taɓa yin iyo mai kyau irin na ranar ba. Na fito ina ɗigar ruwa na karɓi wayar. Inna ta rufe rabin fuskarta da mayafi.

"Na yafe maka," ta ce. "Duniya da lahira. Allah ya yi maka albarka. Wannan da ya koya maka, ka ce ina gode masa, shi ma Allah ya yi masa albarka. Je ka sa riga kada mura ta kama ka."

Na zauna a kan yashi na yi kuka sosai, ban damu da baƙin da ke wucewa ba. Na nemi gafarar abokina. Ya ce in rufe masa baki, amma in sani kifin Juma'a uku yana wuyana. Na gode wa Allah da ya haɗa ni da shi a ɗaki ɗaya, cikin duk mutanen da ke Bin Omran.

Muna tafiya wajen bas ya tsaya, ya ambaci wani suna, ya tambaye ni ko sunana ne na gida. Ya ce tun da na shiga ruwan har na taɓa ƙwallon, sunan nan Inna take ta kira a hankali tana cewa, "Dawo haka nan, dawo."

Na ce masa a'a, ba nawa ba ne. Sunan yayana ne.